Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gidan Shevchenko

Makon jiya mun tsaya a inda na bar ɗakin kwanan ɗalibai na kama haya a gidan wata tsohuwa a birnin Kharkiv na ƙasar Yukren. A jikin takardar hayar na ga sunan danginta, Shevchenko. Ni kuwa Shevchenko ɗaya na sani, Andriy, ɗan ƙwallon AC Milan da ya lashe Ballon d'Or a 2004, sai na tambaye ta ko ɗan'uwanta ne.

Ta ce, "Ɗana, masu wannan suna a ƙasar nan sun fi ƙarfin ƙirge."

Ta ɗauko wani tsohon takalmin sanyi da aka sake wa ƙasa, ta bi ɗinkin da yatsa. Ta ce mai wannan aiki shi suke kira shvets, "enko" ɗin da ke ƙarshe kuma "ɗan wane" ne. Shevchenko ke nan, ɗan mai ɗinkin takalmi. Kovalenko ɗan maƙeri, Tkachenko ɗan masaƙi, Kravchenko ɗan tela. A tsakiya da gabashin ƙasar aka fi jin wannan ƙarshe. A yamma ɗan maƙerin sai ya koma Kovalchuk. Abin ya daɗe, don rajistar mayaƙan Kosak (mayaƙan ƙasar na wancan zamani) ta 1649 cike take da irin waɗannan sunaye.

Jikina ya yi sanyi, domin mahaifina baduku ne. Da aikin fata da basilla ya biya mini kuɗin makaranta. Kuma ban manta ranar da aka hana yayana auren yarinyar da yake so ba, ba don an same shi da wani aibu ba, sai don "gidan dukawa ne". Har yau ban ga hujjar wannan raini ba, kuma ba zan gani ba.

Ranar Lahadi ta kai ni lambun tsakiyar gari, gaban mutum-mutumin Taras Shevchenko, shahararren marubucin waƙoƙin ƙasar, da aka kafa a 1935. An haife shi a 1814 cikin bayin gandu, waɗanda mai ƙasa ke iko da su. A 1838 masu zane da marubuta suka haɗu suka fanshe shi a kan rubul 2,500, kuɗin Rasha. Ya yi waƙoƙi da harshen mutanensa, sarkin Rasha, da ke mulkin yankin a lokacin, ya kore shi zuwa aikin soja a 1847, ya haramta masa rubutu da zane, bai dawo ba sai bayan shekara goma. Yau hotonsa ne a takardar kuɗin ƙasar ta hiribniya 100, babbar jami'ar Kyiv kuma sunansa take amsawa, sunan ɗan mai ɗinkin takalmi.

Da daddare na buga wa Baba waya na labarta masa. Ya yi shiru, can ya ce, "To, su can da wace fata suke aiki, ta akuya ko ta sa?"

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za ku ji yadda hunturun farko ya kwantar da ni a asibiti.