Fatsar gashin zakara a Mai Wurno

A watan Janairu na tafi Mai Wurno ta ƙasar Sudan, kafin yaƙin 2023, domin a lokacin ne Nilun da ke gangarowa daga Tafkin Tana na Habasha yake washewa. Da damina laka ce zalla, kifi ba ya ganin abin da ka jefa masa. Daga Khartum muka bi ta Wad Madani, muka wuce Sennar da madatsarta da aka gama a 1925, muka sauka a Mai Wurno da la'asar. Garin sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya ci, wanda ya kawo jama'arsa nan bayan yaƙin Burmi na 1903. Har yau ana yin Hausa a bakin ruwa, ta cuɗanya da Larabci.

Abin da ya kai ni wata irin fatsa ce da ake yi a kogunan Amurka masu sanyi don kama rainbow trout, kifin da ba zai iya zafin Sudan ba. Ba a sa koto. Gashin tsuntsu ake ɗaurawa a ƙugiya da zare har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi, kuma nauyin igiyar ne ke kai ta nesa. Ni tsage nake nema da ita.

Dattijon da ya ɗauke ni a kwale-kwalensa ya karɓi ƙugiyar, ya daɗe yana juya ta, yana shafa farin gashin zakaran da babban yatsa.

"Ɗana, tsage zai ci wannan. Amma haƙoransa za su datse igiyarka."

"To, Baba, mene ne abin yi?"

Ya zaro siririyar waya daga aljihu ya ɗaura mini tsakanin igiya da ƙugiya. Bai taɓa ganin irin wannan fatsa ba, amma kifinsa ya san shi ciki da waje, kuma a wurina wannan sani ya fi sandar da na zo da ita daraja.

Ya tsayar da mu inda ruwa mai gudu ke haɗuwa da kwantacce, ya ce in riƙa ja da sauri. Can sai sandar ta lanƙwashe, tsage ya yi tsalle sama, fari tas, jelarsa ja. Da na ɗago shi, wayar duk ta karkarce. Baba ya ce in kula da yatsuna, ya miƙo hannu ya danne masa ƙeya.