Kafin a haɗiye ƙwayar lisinopril ta farko

Aikin ɗakin bayar da magani yana koya wa mutum cewa sau da yawa illar maganin hawan jini da na zuciya tana tasowa ne daga abin da majiyyaci bai faɗa ba, saboda ba a tambaye shi ba. Lisinopril ya isa misali, shi da danginsa enalapril da captopril.

Idan mace ce, a fara da batun ciki: tana da shi, ko tana nema? Maganin yana lalata ƙodar ɗan tayi, yana rage ruwan mahaifa, musamman daga wata na huɗu. Mai ciki methyldopa, labetalol ko nifedipine ake ba ta. Kunya kan hana mace magana a gaban suruka, don haka a keɓe ta kafin a tambaya.

Gwajin jini na ƙoda da na sinadarin potassium wajibi ne kafin a fara, a kuma maimaita bayan mako ɗaya zuwa biyu. Lisinopril yana sa jiki ya riƙe potassium, idan ya yi yawa kuwa bugun zuciya kan rikice ba tare da wata alama ba.

Inda aka fi yin sakaci shi ne maganin ciwon jiki. Mutum zai rantse ba ya shan komai, alhali kullum da yamma sai ya biya kemis ya karɓi diclofenac ko ibuprofen don gajiya. Waɗannan suna ɗaga jini, kuma idan suka haɗu da lisinopril da maganin sa fitsari, ƙoda tana iya tsayawa, balle ga mai gudawa ko amai, ko mai azumi a zafin Afrilu. Paracetamol ya fi aminci. A tambayi kunun kanwa da yawan ɗunƙule a miya ma, domin duka sodium ne mai karya ƙarfin maganin.

Akan fara da miligiram 5 ko 10 sau ɗaya a rana, mai raunin zuciya kuwa 2.5. Kwanakin farko akan ji jiri, sai a ɗan zauna bakin gado kafin a miƙe. Busasshen tarin da lisinopril kan jawo ba a magance shi da maganin tari, likita ne zai canza ƙwayar. Amma kumburin leɓe, harshe ko fuska, wanda ya fi samun baƙar fata, yana iya toshe numfashi. Wanda ya ga haka ya dakatar da maganin ya nufi asibiti nan take, kuma kada a sake ba shi ko ɗaya daga cikin wannan dangi.