TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 14: Igiyoyin Auta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya mun tsaya a inda yarinyar maƙwabtanmu ta zame a bakin kwata da Auta a hannunta, muka tari pragya (keke napep) daga unguwar Aboabo sai asibitin Komfo Anokye, wato Gee kamar yadda kowa ke kiransa a Kumasi. To hoto ya fito, ƙashin cinyar dama ne ya karye, yaro ɗan wata uku.

Kafin a taɓa shi sai da dokta ya yi ta mini tambaya, ya aka yi ya faɗi, wa ke riƙe da shi, ya koma gefe ya tambayi Baban yara shi kaɗai. Raina ya sosu gaskiya. Daga baya wata nas 'yar Asawase ta ce mini da Hausa, yaya kar ki ji haushi, ƙashin cinya shi ne mafi tsawo da ƙarfi a jikin mutum, in ya karye a jaririn da bai fara tafiya ba dole su tabbatar ba dukansa aka yi ba, kowa haka ake masa.

Ni siminti na sa rai, ina ta tunanin yadda zan yi da ɗan mitsitsin yaro cikin siminti a wannan zafin. Dokta ya ce a'a. Babba in ya karye a nan tiyata ake masa a zura ƙarfe cikin ƙashin, kuma sai ya yi wata uku zuwa shida. Yaron da ya wuce wata shida har wajen shekara 5 shi ake naɗa wa siminti tun daga ƙugu. Amma irin su Auta wani abu ne na yadi mai laushi, Pavlik sunansa, sunan likitan ƙasar Cek da ya ƙirƙiro shi don jariran da ƙugunsu ya goce.

Da aka kawo shi wallahi sai da na kalli Baban yara, igiyoyi ne kawai. Suka kwantar da Auta rigingine, ɗaya ta zagaye ƙirjinsa daidai nono, nas ta zura yatsu biyu a ƙasanta ta ce in yatsunki ba su shiga ba to ta matse, numfashi zai masa wuya. Biyu suka hau kafaɗu suka gitta a baya, aka sa ƙafafunsa duka biyun cikin wasu 'yan takalman yadi, har mai lafiyar. Sai dokta ya ja igiyar gaba a hankali har cinya ta naɗo sama gwiwa ta lanƙwashe, ta bayan kuma ita ke hana gwiwoyin haɗewa, yaro ya koma kamar kwaɗo. Ya yi ihu da farko, can ya lafa ya kama nono. Dokta ya sa biro ya ja layi a jikin kowace igiya, ya ce madam wannan layin ba ke ba, ba kakarsa ba, ba wanda zai gusar da shi sai mu.

Kamar ya san Hajiya surukata. Muna isa gida ta ɗaga zane ta duba ta ce, ke yanzu wannan ne ɗori? Ina karan? A kira mai ɗori kawai. Ni ban raina masu ɗori ba, Babanmu ma can aka gyara masa hannu. Amma su ɗaurewa suke tamau, kuma karaya tana kumbura, in aka matse jini ya kasa wucewa ƙafa na iya ruɓewa har a kai ga yanke ta. Na ce Hajiya ki yi haƙuri, cewa suka yi ƙashin jariri da kansa yake haɗewa cikin kamar wata ɗaya in dai ƙafar ta zauna yadda aka ajiye ta, ko ya ɗan karkace ma yana miƙewa in yana girma. Ta ce hmm, mu dai ido.

Aikin fa nawa ne. Ba cirewa dare da rana, ba wanka a baho sai dai shafa da tsumma, ga su Hajiya da son gasa jariri da ruwan zafi da mimmiƙe ƙafa, duk na hana. Canza famfas ba a ɗaga shi ta ƙafa, hannu zan zura ƙarƙashin ɗuwawu. Goyo ma an ce in dakata, to mai sayar da koko da ƙosai ba goyo ya za ta yi? Dole ƙanwata ta karɓi tukunyar. Kullum sai na leƙa bayan gwiwa da matsematsi da wuya ko fata ta yi ja, in taɓa 'yan yatsun ƙafa in ji da ɗumi. Abin da nas ta fi ja mini kunne a kai shi ne motsi, in ya daina harba ƙafa ko miƙe gwiwa to wataƙila cinyar ta naɗu da yawa ta danne jijiya, a dawo da shi ranar.

Wata Juma'a na leƙa kasuwar Kejetia sayen gero na bar shi wajen Hajiya. Ina dawowa na tarar da takalmin namiji a ƙofar ɗakinta, ga warin man shanu da magani, na ɗaga labule idona ya sauka kan igiyar gaba, layin biro ba ya inda dokta ya bar shi.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.