Juma'ar Wudil da 'yar kwalbar yasmin

Tun asuba na san yau za a sha rana, don da na ɗauki buta zan yi alwala ruwan bai huce daga ɗumin jiya ba. A tsakar gida muka kwana, ni da yara, ƙarƙashin darbejiya. Da gari ya waye sai ga tabarma duk fure, farare ƙanana, kamar an watsa tsaki. Wanda bai taɓa kwana a gindin darbejiya da bazara ba zai rantse babu komai a jikinta sai ɗaci, alhali furenta idan iskar asuba ta kaɗa yana da wani ƙamshi siriri mai zaƙi, wanda ba ya hawa kai. Ina shara ina cewa a raina, da za a ɗura min wannan a kwalba da na huta.

Abin da ya kawo wannan tunanin, ranar Laraba na yi wauta. Na shafa humrar da aka raba mana a bikin ƙanwar maigida, na tafi makaranta. Humra ce mai kyau, ba ni da abin kushe ta. Amma ajinmu rufin kwano ne ba silin, yara sun haura sittin, kuma kafin ƙarfe goma sha ɗaya zufa ta kwaɓa ta a jikina har ni kaina na fara jin jiri. Wata 'yar aji uku ta ɗaga hannu, na zaci tambayar lissafi ce, sai ta ce, "Malama, biki za ki in an tashi?" Ajin ya kwashe da dariya. Na dara, amma kunya ta kama ni, don a Islamiyya an karantar da mu hadisin nan na Tirmizi, cewa turaren mace shi ne wanda ƙamshinsa ke ɓuya. Humra da turaren wuta na ɗaki ne, na dare ne, na lokacin sanyi ne. Da rana tsaka a watan Afrilu, ana zafin da ya haura digiri 40, ba sa yi wa kowa adalci.

Yau an tashi da wuri. Maigida zai je kara taya ɗan rago na kiwo, na ce ya sauke ni cikin kasuwa in yi wa Inna cefanenta. Kan gada cunkoso kamar kullum ranar Juma'a, motocin shanu, 'yan acaɓa, ƙura. Ban tsaya ko'ina ba sai rumfar wani dattijo mai turare da na sha wucewa ta gabansa.

"Hajiya, ud za a ba ki ko miski?"

"Baba, ban je ba tukuna, Allah dai ya kira mu. Mara nauyi nake nema, wanda zan shiga aji da shi ba wanda zai waiwayo."

Ya yi dariya ya ce yau ya ga mai neman turaren da ba a ji. Ya fara miƙo min Binta Sudan. Na san shi, wa bai san shi ba? A cikin adakar kakata na fara ganin 'yar kwalbarsa. Ya ce turaren nan tun 1920 yake, yanzu ma a nan Kano ake ɗura shi, babu giya a ciki, kuma akwai yasmin a haɗinsa. Gaskiya ne, in ka natsu za ka ji furen a sama-sama. Sai dai ƙasansa miski ne da ambar, kuma ni duk sanda na shaƙe shi gidan biki ko gidan rasuwa nake tunowa. Na ce a'a.

Sai ya janyo wani ɗan akwati daga ƙarƙashin tebur, inda rana ba ta kaiwa. Kwalabe uku ya buɗe. Ya ce waɗannan su ake kira na farin fure: yasmin, furen lemo, da wani gardeniya. Ya ɗiga min yasmin a wuyan hannun dama, furen lemo a hagu, gardeniya kuma a bayan hannu. Na kai hanci zan yanke hukunci, ya tare ni.

"Malama, turare ba kosai ba ne da za ki ɗanɗana nan take. Je ki gama cefanenki, ki sha rana, ki dawo. Abin da ya rage a hannunki shi za ki saya."

Na tafi. Daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, manja kwalba ɗaya, goron Inna. Wajen masu tattasai na daɗe, don tsadarsa ta sa sai da na zaga layin sau biyu. Kusan awa guda na yi. A bakin rumfar mai manja na shinshina hannuwana a ɓoye cikin hijabi. Furen lemo, wanda da farko ya fi burge ni saboda sanyinsa, ya gudu, sai ɗan ɓurɓushi kamar na sabulu. Gardeniya kuwa zafi ya narkar da shi ya koma wani abu mai maiƙo, kamar madarar da aka cika wa sukari, har ya so ya tayar min da zuciya. Yasmin ne ya tsaya inda aka ajiye shi. Bai yi ihu ba, bai ɓace ba. Sai na kai hannun kusa da fuska nake jin sa.

Akwai na fesawa a kwali mai hoton furanni, an rubuta wai na bazara ne. Na yi murmushi. Bazarar Turawa ce suke nufi, lokacin da ƙanƙara ta narke, itatuwa suka yi toho, mutum na yawo da 'yar rigar sanyi. Tamu bazarar ko kaza buɗe baki take. Kuma na fesawa yawancinsa sinadarin da ke tashi da wuri ne, a irin wannan rana kafin ka isa bakin titi rabi ya bi iska. Na mai na zaɓa, mai ɗan ƙwallo a baki, mililita 6. Ya ce dubu biyu da ɗari biyar. Na taya dubu da ɗari biyar, ya ce albarka. Muka daidaita a dubu da ɗari takwas, ya ƙara min gargaɗi kyauta: kada in ajiye a taga, kada in bari a jaka cikin rana, zafi da haske na juya ƙamshi.

Ina jiran maigida su sauko daga masallaci sai na kira ƙanwata, da yake tana karanta kimiyyar sinadarai a jami'ar nan ta Wudil. Ta fito ta same ni a inuwa, muka sayi ruwan leda. Na ba ta ta shinshina, ina taƙama na sayi man fure. Ta ce, "Yaya, wallahi da man furen gaske ne, albashinki na wata ba zai cika wannan kwalbar ba." Wai yasmin ɗin da ake tatsa, yawancinsa daga Masar da Indiya yake fitowa. A Masar cikin dare ake tsinkar sa da hannu, ɗaya bayan ɗaya, da fitila a goshi, saboda da dare yake buɗewa, rana na fitowa ƙamshin ya fara raguwa. Sai an tara ɗaruruwan kilo na fure kafin a sami kilo ɗaya na man. Irin nawa kuwa a masana'anta ake haɗa sinadaran da ke kwaikwayonsa.

Na ɗan ji ba daɗi, kamar an ce min atamfata roba ce. Sai ta ƙara da abin da ya sa na kusa ƙwarewa da ruwa: wai a cikin furen yasmin na gaske akwai wani sinadari, indol, wanda ake samu har a cikin bayan gida, shi ne ke sa furen ya yi nauyi idan ya yi yawa. Na ce to ashe talauci ya yi min rana, a bar ni da na masana'antar. Ni dai a ganina, wanda zai shiga aji da alli a hannu ba ya bukatar abin da aka hana mutane barci don a tsinko. Dubu da ɗari takwas, in na yi ɗigo biyu kullum, zai kai ni faɗuwar damina.

Rago bai sayu ba. Maigida ya ce kuɗin da suke kira sai ka ce da sirdi za a ba ka shi. Muka dawo da la'asar sakaliya, shi shiru, ni da ledoji a cinya.

Na kai wa Inna kayanta. Tana ƙirga goro sai ta kama hannuna ta kai hanci.

"Ke 'yar nan, ina kika shiga garkar lalle?"

Na ce turare ne, Inna. Ta ce ƙarya nake, wannan furen lalle ne. Daga nan ta ɓalle da labarin garkar mahaifinta a bakin fadama, yadda suna 'yan mata suke karyo furen su cusa a kitso ko su ƙulle a bakin zane ranar kasuwa, ba kwalba ba kuɗi. Shekara tara ina gidan nan ban taɓa jin wannan labarin ba. Na shafa mata a bayan kunne. Ta ce wannan dai ba zai hana ta salla ba ko? Na ce na mai ne. Ta ce to in bar mata nan ta ajiye min. Na san ma'anar ajiyar Inna, na ce ai zan riƙa kawo mata duk Juma'a.

Ɓarna ɗaya na yi. Garin nuna wa ƙanwata na goga bakin kwalbar a farin hijabina na makaranta, ga tabon mai nan kamar kwabo daidai ƙirji. Na barbaɗa masa hoda ta tsotse, gobe Asabar in gwada da ruwan ɗumi da sabulu.

Bayan isha'i na yi wanka na ɗiga sau biyu, na kai kwalbar bayan randa inda ƙasa ke da sanyi. Muka shimfiɗa tabarmi. Maigida yana kwance yana lissafin kuɗin rago da ƙarfi, can sai ya yi shiru, ya ja numfashi, ya ɗaga kai yana kallon rassan bishiya.

"Darbejiyar nan yau ta cika ƙamshi."

Na ce ai lokacinta ne, na ja wa auta zane.