Ƙofofin da masu bibiya ke bi su shiga wayarku

Ƙannena, mu da muka riga ku riƙe waya mun daɗe muna danna kwaɗo a ƙofar gaba, alhali ɓarawon ta bayan gida yake haurowa. Abin da ya fi ruɗar mu shi ne Incognito, wato yanayin sirri na burauza. Aikinsa kawai kada burauza ta ajiye tarihin shafukan da kuka buɗe, don wanda ya ari wayar kada ya gani. Shafin da kuka shiga kuwa yana ganinku, kamfanin layinku ma ya san inda kuka leƙa, idan kuma kun shiga da Gmail ɗinku to kun gabatar da kanku da suna. A 2024 Google ya yarda zai goge biliyoyin bayanan masu amfani da Incognito don sasanta ƙarar da aka kai shi a Amurka.

Ku fara da lambar talla. Kowace wayar Android tana da wata doguwar lamba da manhajoji ke iya karantawa. Wasan da kuka sauke, manhajar kallon ƙwallo, ta gyaran hoto, kowacce tana aika abin da ta sani game da ku haɗe da wannan lamba, sai dillalan bayanai su tattara su wuri guda a matsayin mutum ɗaya. Ku shiga Settings, ku nemi Privacy ko Google, sannan Ads. Wurin yana ɗan bambanta tsakanin Tecno, Infinix da Samsung, don haka in kun rasa, ku rubuta Ads a akwatin bincike na Settings. Za ku ga zaɓi biyu, Reset da Delete, kuma nan ake yin kuskure. Reset sabuwar lamba kawai yake ba ku, a ci gaba da bin ta. Delete za ku danna, daga nan duk manhajar da ta nemi lambar sifili zalla za ta samu. Masu iPhone su shiga Privacy & Security, su buɗe Tracking, su kashe izinin da ke bai wa manhajoji damar neman bibiyarsu; tun 2021 Apple ya kawo wannan tsari. Talla dai ba za ta daina zuwa ba, sai dai ta rage sanin ku.

Facebook kuma ba a cikin manhajarsa kaɗai yake kallonku ba. Shafukan kasuwanci da yawa suna ɗauke da wani ɗan ƙulli nasa mai suna Meta Pixel, wanda ke kai masa rahoton abin da kuka duba. A cikin Accounts Center na saitunan Facebook, ƙarƙashin Your information and permissions, akwai wurin da ke nuna ayyukanku a wajen Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook. Kada ku tsaya ga share na baya. Ku cire haɗin na gaba ma, in ba haka ba jerin zai sake cika. A Google, ku buɗe myactivity.google.com, ku kashe Web & App Activity ko ku sa ya riƙa goge kansa bayan wata 3, ba 18 ko 36 ba.

Maɓallin Do Not Track na burauza, mai cewa shafuka kada su bibiye ku, roƙo ne kawai, yawancin shafuka ba sa kula shi, har Firefox ya cire shi a 2025. Shafukan kamfanonin talla da ke cewa ku fita daga bibiya su ma da sauransu: zaɓin naku a cikin kukis (ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa a burauzarku) suke ajiye shi, ranar da kuka share kukis ya tafi tare da su. Gara ku sa burauzar Firefox a wayar Android, ku ƙara masa uBlock Origin, a tare masu bibiyar tun kafin su buɗe. Data ma za ta ɗan ƙara kwana.

Inda abin ya fi ciwo shi ne izinin lambobin waya. Da shi wasu manhajojin ba da bashi a Najeriya suka riƙa aika saƙon cin mutunci ga iyaye, surukai da abokan aikin wanda ya makara biya. Tun 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji a Play Store taɓa lambobi da hotuna, amma dokar ba ta kai ga wadda aboki ya tura muku ta Xender ba, ko wadda kuka sauke daga wani mahaɗi a guruf ɗin WhatsApp. Ku buɗe Permission manager a Settings, ku bi Contacts, SMS, Location da Microphone ɗaya bayan ɗaya. Manhajar tocila ba ta da abin yi da lambar mahaifiyarku. Ku kuma sani janye izini ba ya dawo da abin da aka riga aka kwasa. Sai dai ku rubuta wa kamfanin ya goge, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba ku wannan haƙƙi, in ya ƙi ku kai ƙorafi hukumar kare bayanai ta Najeriya, NDPC.