Ranar da na tuge rogona gaba ɗaya

Fataucin goro ne ya kai ni Shagamu, amma hannun da ya saba da fartanya ba ya zama haka nan. Wani dattijo Bayarabe da nake sayen goro a wurinsa ya ara mini fili kamar eka ɗaya a bayan gari. Ruwan Afirilu na sauka muka tada tuddai, muka yanka itacen rogo gunduwa-gunduwa, kowanne da ido biyar zuwa bakwai, muka cusa a karkace, idanun suna kallon sama. Irin TME 419 ya ba ni, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta yaɗa. Yana tashi a miƙe, kuma cutar da ke murɗe ganye ba ta cika kama shi ba.

Da ya ce in zuba masara da agushi a tsakanin tuddan, raina bai so ba, don na ga kamar za su shaƙe rogon. Ashe agushin ne zai shimfiɗe ya rufe ƙasa, ya hana ciyawa sakat a watanni ukun farko, lokacin da rogo bai yi inuwa ba. A ƙasar kurmi ciyawa ba ta hutu. Kafin rogo ya kai ƙugu na ci ɗanyar masara, na fasa agushi.

Kuskurena ya zo bayan wata goma sha biyu. Ni ɗan gero ne: abin da na sani, amfani ya nuna, a girbe, a ɗaure, a kai rumbu. Wani mai mota ya yi mini alkawarin zuwa ranar Laraba, sai na ɗauki 'yan ƙwadago ranar Talata muka tuge gonar kaf. Laraba ta wuce shiru. Ranar Alhamis na karya saiwa ɗaya, na ga baƙin zane ya fara bin cikinta. Gabana ya faɗi.

Dattijon ya zo ya tsaya kan tulin, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Malam, rogo ba shi da rumbu sai ƙasa. In ka fitar da shi, kwana biyu ko uku gare ka."

Na ce, "Baba, yanzu yaya za a yi?"

Matan gidansa ne suka cece ni. A daren nan suka fere, aka kai inji aka markaɗa, aka ɗura a buhuna aka danne ruwan ya tsiyaye, wanda da shi ɗacin nan mai guba yake fita. Bayan kwana uku suka soya garin kwaki. Abin da ya riga ya yi baƙi muka zubar, kuma har yau ina jin zafinsa.

Bana sai da na ga mota tsaye a bakin gona sannan na sa hannu. Layi shida na tuge, sauran suna nan a ƙasa.