Haikalan Hindu a Delhi da wunin da aka raba ni da wayata

Duk wanda ya taɓa jinya a Indiya ya san rabinta jira ne. A jira sakamakon gwaji, a jira likita ya zagayo, a jira suga ya sauka kafin a sa ranar aiki. Lokacin da na kai Hajiyarmu Delhi aikin gwiwa, wannan zaman jiran ne ya sa na fara leƙa wuraren bautar Hindu. Ni ɗan Kano ne, na tashi da kallon fina-finan Indiya, na sha ganin ana kaɗa ƙararrawa ana juya fitila a gaban gunki, sai na ce tunda Allah ya kawo ni ƙasar, gani ya kori ji. Na kuwa gani. Sai dai zuwana ɗaya daga cikinsu ya jawo aka ɗaga aikin Hajiya, kuma har yau in na tuno mutumin da ya ce mini "awa ɗaya ka dawo", raina ɓaci yake yi.

Ejan ne, irin waɗanda ke tarbar marasa lafiya daga Afirka a filin jirgi, su haɗa ka da asibiti, su sama maka masauki. Ranar wata Asabar ya tarar da ni zaune na zuba tagumi, ya ce babu likitan da zai sake shigowa yau, in je in ga Akshardham, wani katafaren haikalin Hindu, in sha iska. Ya san Hajiya ba ta jin komai sai Hausa. Ya san ni kaɗai ne bakinta da kunnenta a asibitin nan. Ya kuma san, tunda ɗan gari ne, cewa ba a shiga Akshardham da waya. Bai faɗa mini ba.

Zuwan ba wuya, jirgin metro na shuɗin layi yana da tasha mai sunan wurin. Wahalar daga bakin ƙofa take farawa. Waya, kyamara, caja, abin sa wa a kunne, jaka, abinci, duk sai ka cike takarda ka miƙa a ma'ajiya su ba ka lamba. Walat da fasfo ne za su bi ka ciki. Layin ma'ajiyar ranar Asabar sai ka rantse gidan mai ne a lokacin tsananin ƙarancin fetur. Daga nan kuma wani layin na bincike, maza daban mata daban, ana laluba mutum fiye da yadda ake yi a filin jirgi. Tsaurin yana da tushe: a watan Satumba na 2002 'yan bindiga sun afka wa ɗaya Akshardham ɗin da ke Gandhinagar a jihar Gujarat, mutum sama da 30 suka mutu. Don haka ba ni da ta cewa a kan dokar. Na tsaya ina juya wayar a hannuna, maganar ejan tana yi mini yawo a kai, babu likitan da zai zo. Na miƙa.

Ginin kuwa, gaskiya ɗaya ce, ban taɓa ganin aikin sassaƙa irinsa ba. Ƙungiyar BAPS ta mabiya Swaminarayan, wani malaminsu da ya rayu daga 1781 zuwa 1830, ita ta gina shi a gefen kogin Yamuna, aka buɗe a watan Nuwamba na 2005. Shugaban ƙasar da ya halarci buɗewar, Abdul Kalam, Musulmi ne, firaministan lokacin kuma, Manmohan Singh, ɗan addinin Sikh. Tsayinsa ya kai ƙafa 141, ginshiƙai 234, ƙubbobi 9, an yi shi da jan dutsen Rajasthan da farin marmara na Italiya, ba a sa rodi a jikinsa ba. Abin da ya fi riƙe ni shi ne gindin ginin, inda aka sassaƙa giwaye 148 suka kewaye shi. Kowace da labarinta. Akwai wadda na tsaya a gabanta na daɗe, har tattarar fatar da ke bayan kunnenta an fitar, da ƙumbar ƙafa, kai ka ce taɓa ta za ka yi ta motsa. A tsakiyar ɗakin kuma mutum-mutumin Swaminarayan ne a zaune, launin zinare, ƙafa 11.

To, ba waya ba agogo a hannuna, kuma wurin an tsara shi ne yadda zai cinye maka wuni. Fili ne makeke, daga ƙofa zuwa ginin ma tafiya ce, ga ajiye takalmi a karɓi wata lambar, ga ɗakunan nuni na kuɗi har da wanda ake zagayawa da kai a kwalekwale, ga wasan ruwa da fitilu da sai bayan faɗuwar rana ake yi. Ban tsaya wannan ba, don la'asar ta riga ta kama ni kuma babu inda zan yi salla a ciki. Fitowa ma sai da na sake bin layi kafin a ba ni kayana.

Da na kunna wayar sai ga kira rututu daga asibiti. Likitan da ke sa barci ya zo duba Hajiya don aikin ranar Litinin. Yana son ya ji wane maganin hawan jini take sha, ko an taɓa yi mata aiki, ko akwai maganin da jikinta ba ya karɓa. Hajiya tana kallonsa, yana kallonta. Sun kira ejan ma bai ɗauka ba. Likita ya ce ba zai sa hannu a kan abin da bai ji ba, ya tafi. Lahadi ba a irin wannan zagayen, sunan Hajiya ya fita daga jerin Litinin, sai can ƙarshen mako aka samu gurbi. Kwanakin masauki suka ƙaru, kuɗin sauya tikitin jirgi na mutum biyu ya hau kaina, duka da dala za a biya, a lokacin da naira take ta zubewa.

Hajiya ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Cewa kawai ta yi, "Ka bar ni da mutanen da ba na jin yarensu, ka tafi kallon gumaka?" Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri." Ta juya fuska bango. Shi kuwa ejan, da na same shi, wai ai kowa ya san ba a shiga da waya. Kowa wa? Baƙo ko da ido makaho ne, aikin da ake biyansa ke nan.

Bayan an yi aikin lafiya Hajiya ta fara takawa da sanda, na ci gaba da fita, amma da tsari. Na rubuta lambar ƙanwata ta Kano na manna a jikin gadon, na nuna wa nas-nas cewa in ba sa samuna su kira ta ta WhatsApp ta yi tafinta. Kuma kafin in je ko'ina, tambayata ta farko ita ce: ana karɓar waya?

A nan ne na gane cewa Akshardham, duk girmansa, ba shi ne inda za ka ga yadda mutanen gari ke ibadarsu ta yau da kullum ba. Wannan sai a irin haikalin Hanuman, abin bautarsu mai siffar biri, da ke kusa da Connaught Place, unguwar kasuwanci a tsakiyar birnin. Na je ranar Talata, ranar da suka keɓe wa Hanuman, cunkoso ba masaka tsinke. Tun daga waje masu sayar da furanni ruwan ɗorawa da aka shirya a zare, masu alawar laddu, masu awarwaro, da masu zanen lalle a jere suna yi wa mata. Mutum zai zo da kayan ofis da jakar kwamfuta a kafaɗa, ya tuɓe takalmi, ya miƙa hannu ya buga ƙararrawar da ke rataye a ƙofa, ya miƙa wa mai kula da wurin kwalin alawa, a taɓa a mayar masa da saura, a ɗiga masa jan abu a goshi, ya fito ya tare adaidaita sahu ya wuce aiki. Duka bai fi 'yan mintuna ba. Na lura in za su zagaya ɗakin gunkin, damansu suke ba shi, saɓanin yadda muke ɗawafi.

Abin da Musulmi zai so ya sani tun kafin ya isa shi ne wannan alawar da jan ɗigon. Alawar ita suke kira prasad, an riga an gabatar da ita ga abin bautarsu, kuma duk wanda ya matso kusa miƙa masa ake yi, ba a tambayar addininsa. Wani tsoho ya miƙo mini da fara'arsa. Na ɗora hannun dama a ƙirji, na ɗan sunkuyar da kai na girgiza, ya yi murmushi ya ba na bayana. Ba wanda ya taɓa ɓata rai don na ƙi. In ba ka son a kai ga haka ma, kada ka shiga layin masu zuwa gaba, tsaya daga gefe ta baya, za ka ga komai. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da shiga ba sam, kallon daga bakin titi ya ishe shi. A sa tufafin da suka rufe kafaɗa da gwiwa, wannan mu ba matsalarmu ba ce. A kuma guji tsakar rana, da yawa rufewa suke yi sai yamma, ga daɓen dutse da ke ƙona tafin ƙafa lokacin zafi.

Birla Mandir, wanda asalin sunansa Laxminarayan, na so in gan shi saboda tarihinsa: Mahatma Gandhi ne ya buɗe shi a 1939, bisa sharaɗin a bar kowa ya shiga, har waɗanda tsarin asali na Hindu ya mayar ƙasƙantattu. Ina isa na hango akwatunan ajiye waya. Gabana ya faɗi. Sai da na kira asibiti, na kira ƙanwata na ce ta riƙe wayarta a hannu, sannan na shiga, na zagaya da sauri na fito.

In lokacinka kaɗan ne kuma kana da mara lafiya a kwance, Chandni Chowk za ka je, a tsohon gari. Titi ɗaya ne da bai kai kilomita biyu ba. Daga bakin Red Fort, tsohuwar fadar sarakuna, ga jan haikalin mabiya addinin Jain, wanda har asibitin tsuntsaye gare shi, kuma ba a shiga da kayan fata, don haka bel da walat sai a waje. Yana jingine da haikalin Gauri Shankar na masu bautar Shiva. Gaba kaɗan cocin Baptist, sai Sis Ganj, ɗakin ibadar mabiya Sikh, wurin da aka fille kan jagoransu Guru Tegh Bahadur a 1675 zamanin sarki Aurangzeb; can sai ka rufe kai ka wanke ƙafa, kuma suna ciyar da duk wanda ya zo kyauta. Ƙarshen titin masallacin Fatehpuri ne, da ɗaya daga matan sarki Shah Jahan ta gina a 1650. A nan na yi azahar cikin jam'i, wayata tana aljihu, na kira Hajiya daga harabar masallacin na ji ta ci abinci.

Akshardham kuwa a bar shi sai an sallami mara lafiya, ko a samu wanda zai zauna da shi mai jin Hausa da Turanci. A ware masa wuni guda cur, a je tsakiyar mako da safe, a ɗaura agogon hannu na gargajiya mai allura, don na zamani mai haɗe da waya shi ma ma'ajiya zai tafi. Ranar Litinin a rufe yake.